Daga Gizo Cikin Kwalba Zuwa Jiminar Zango: Tarihin Wani Kiwo da Ya Kuɓuce Mana

Wani dare muna zaune a fadarmu ta Zango, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani abokina ya miƙo mini salularsa yana dariya, ya ce, “Kai mai son tarihi, zo ka ga inda duniya ta kai.” Na duba, sai ga wani saurayi Bature riƙe da ƴar kwalba wadda ba ta fi ta magani girma ba. A cikinta akwai ƴar ƙasa mai laima, da wani ɗan ƙwaro da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ashe ɗan tautau ne, irin manyan gizo masu gashi da ake kira tarantula, waɗanda muka sani da sunan migal a darasin lakwal. Saurayin nan kiwonsa yake yi, har suna ya raɗa masa.

Fada ta kaure da dariya. Wani ya ce wannan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wani ya ce mu da muke bin tautau da takalmi, su kuma da kuɗinsu suke sayensa. Ni ma na yi dariyar, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, na shiga karatu a kansa. Karatun nan shi ya juyo da ni gida, zuwa ga unguwar da nake takawa kullum, da wani kiwo da kakanninmu suka yi a nan wanda yau ba ka jin kowa yana zancensa. Shi nake so in ba ku labari, ƴan uwana ɗalibai. Amma bari in fara sallamar gizon.

Abin da masu kiwon gizo suka sani

Tarantula iri-iri ne, sun haura kala 1,000 a duniya. Masu sha'awarsu sukan sayi ɗan tun yana mitsitsi, su sa shi a ƴar kwalba mai ƙananan huji don iska. Abincinsa ƙananan ƙudaje ne da ƴaƴan gyare, sau ɗaya ko biyu a mako. Ba ya girma kamar ɗan akuya. Sai ya yi saɓa kamar maciji, ya fita daga tsohuwar fatarsa, sannan ya ƙara girma. Lokacin saɓar nan yakan ƙi cin abinci, ya kwanta rigingine kamar ya mutu, kuma jikinsa yana da laushin da ko gyaren da aka ba shi ya ci zai iya kashe shi. Ruwa ya yi yawa ya mutu, ƙasa ta bushe ya mutu. Idan ya tsallake duk wannan, a wasu nau'o'in mace takan rayu fiye da shekara 20, namiji kuwa ba ya daɗewa bayan ya balaga.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wata tambaya da masu hankalin cikinsu suke yi kafin su saya: wannan ɗan, a hannun mutum aka ƙyanƙyashe shi, ko daga daji aka kamo shi? Tambayar tana da dalili. An yi ta kwasar tarantula masu jan gwiwa daga ƙasar Meziko har suka fara ƙaranci, sai da aka sa su cikin dokar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da aka sa wa hannu a Washinton a 1973. Haka ma babbar baƙar kunamar nan ta Afirka ta Yamma da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin, ita ma ta shiga dokar a 1995. Ma'ana, akwai mai riƙon dabba, akwai kuma mai kiwon dabba. Mai riƙo ya ɗauko daga daji ya ajiye, in ta mutu ya koma ya ɗauko wata. Mai kiwo shi ne wanda dabba take haihuwa a hannunsa, ƴaƴanta su ma su haihu.

Ni dai na san a wane ɓangare nake. Ina aji huɗu na firamare wani yaro ya sayar mini da ɗan bushiya a kan dala biyar. Na sa shi cikin kwali, na zuba masa gero da tsaki don na ɗauka abin da kaza ke ci kowa ma na ci. Kwana huɗu ya yi ya mutu. Sai daga baya na san ƙwari yake ci. Na yi kuka, kakata ta ce, “Maigidana, abin daji ba a ɗaukarsa sai an san abincinsa.” Ita ɗin ce kuma take da wani ƙwan jimina rataye a ɗakinta cikin ragar fata, ya yi ja saboda hayaƙi da tsufa. Ta ce na kakanta ne, kuma a gidansu na da har shingen jimina akwai a bayan ɗakuna. A lokacin na ɗauka tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi. Jimina a Zango? Ni ko a mafarki ban taɓa ganinta ba.

Zango kafin ya zama unguwa

Sunan unguwarmu da kansa tarihi ne. Zango wurin saukar ayari ne. Birni shi ne mazaunin sarki da fadawa, cikin ganuwa. Zango kuwa yana arewa da shi, a nan Abzinawa ke sauke raƙumansu, a nan fatake da Larabawan Gadamas da na Tarabulus suke da masauki da ɗakunan ajiya. Daular Damagaram ta faro ne a ƙarni na 18 a matsayin ƙaramar ƙasa mai bin Barno, amma a ƙarni na 19 ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya yi mulki har zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi, har igwa aka riƙa ƙerawa a garin nan. Duk wanda ya leƙa littafin da marigayi André Salifou ya wallafa a 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19 zai ga yadda ƙarfin sarauta da ƙarfin kasuwa suka tafi tare.

Matafiya Turawa sun ga haka da idonsu. James Richardson ya zauna a garin nan a farkon 1851, Heinrich Barth kuma ya iso a ƙarshen Disamba 1852 ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. Hanyar da ta ba garin daraja ita ce wadda ta taso daga Kano ta biyo ta nan, ta ratsa Damargu, ta shiga Agadas da duwatsun Abzin, ta wuce Gat da Gadamas, ta ƙare a Tarabulus bakin teku. Tafiya ce ta watanni. Daga arewa ana kawo yadi, da takarda, da sukari, da duwatsun ado, da makamai. Daga nan kuma ana tafiya da jemammun fatu, da hauren giwa, da gashin jimina, da kuma bayi. Wannan na ƙarshe bai kamata mu tsallake shi don kunya ba: Richardson ya rubuta yadda ake kai hari ana kamo mutane ana kawowa kasuwa, kuma wani ɓangare na arzikin garin nan daga nan ya fito.

Daga wajen 1860 zuwa gaba cinikin bayi ta Sahara ya fara fuskantar matsi, daidai lokacin da matan masu kuɗi a Paris da Landan da New York suka haukace da ado da gashin jimina a kan malafunansu. Ga shi kaya ne marar nauyi mai tsada, irin wanda raƙumi zai ɗauka wata da watanni ba tare da ya lalace ba. Tsakanin 1870 da farkon shekarun 1880 gashin jimina ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan da Tarabulus ke fitarwa zuwa Turai. A can ƴan kasuwa, da yawansu Yahudawan Tarabulus da na Libarno ta Italiya, su ke tantance shi su aika kasuwannin gwanjo. Wato gashin da aka ɗaure a wani soro a Zango yana iya ƙarewa a kan wata mata da ba ta taɓa jin sunan Damagaram ba.

Yadda ake samun gashin

Mu ba baƙin jimina ba ne tun kafin Turawa su so ta. Figinin da ake yi wa sarakuna fifita da gashinta ake yi. Kwalkwalin ƴan lifidi da shi ake ƙawata shi. Har yau Sarkin Kano yana sa takalmin gashin jimina ranar hawa. Ƙwanta ana ɗora shi a ƙololuwar ɗaki ko a rataye shi, manta kuma masu maganin gargajiya suna sayar da shi don ciwon gaɓoɓi. Amma wannan buƙata ta gida kaɗan ce. Da kasuwar waje ta buɗe baki sai lissafi ya canza.

Jiminar ƙasarmu ita ce mai jan wuya, wadda ta fi kowace irin jimina girma, kuma babu tsuntsun da ya kai ta a duniya. Namiji yakan haura mita biyu da rabi a tsaye, nauyinsa ya wuce kilo 100. Shi ne baƙi mai fararen fukafukai, kuma fararen gashin nan su ne masu tsada. Mace toka-toka ce, gashinta bai kai nasa kuɗi ba. Tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, kuma shurinta na iya kashe mutum. A da tana yawo garke-garke a Damargu, da Kutus, da ƙasar Manga, da Tegama har zuwa Abzin.

Hanya ta farko ta samun gashi ita ce farauta. A bi ta da dawaki lokacin zafi har ta gaji, ko a ɗana mata tarko, ko a yi mata kwanto a gurbin ƙwanta. A kashe, a feɗe fatar da gashinta, a kai wa dillali. Gashin jiminar daji shi ya fi kyau da tsada.

Hanya ta biyu ita ce ta shingen kakan kakata. Jimina tana yin gurbi ne a ƙasa, mata da dama su zuba ƙwai wuri guda, namiji ya yi kwanci da dare, babbar macen ta yi da rana, har kwana 42 ko kusa da haka. Ƙwai ɗaya ya kai kilo ɗaya da rabi, kwatankwacin ƙwan kaza ashirin da wani abu. Idan ƴan tsaki suka fito, maharba da makiyaya sukan kama su su kawo gari su sayar. Wanda ya saya sai ya raine su da dusa da ganye da ɗanyar ciyawa, ya bar su su tsinci tsakuwa, don jimina ba ta da haƙori, da tsakuwar da ta haɗiye take niƙa abinci a cikinta. Ɗan tsakon jimina ba ya son sanyi, ba ya son laima, kuma komai ya gani mai ƙyalli sai ya haɗiye. Shi ya sa da yawa ke mutuwa a watannin farko. Wanda ya rayu kuwa girma yake kamar ana hura shi, kafin shekara ya fi mai shi tsawo. Daga nan sai a killace shi a ɗan shinge, lokaci-lokaci a danne shi a fige. Irin wannan riƙo ya bazu a ƙasar Hausa da Barno. Sai dai tsuntsun da ke cikin ƙunci yana goga jikinsa da bango da ƙasa, gashinsa ya yi datti ya kakkarye, don haka kuɗinsa bai kai na daji ba.

To a nan ne tambayar masu gizo ta same mu. Mafi yawan jiminun da ke cikin gidaje daga daji aka ɗauko su suna ƙanana. Jimina ba ta fara ƙwai sai ta shekara biyu zuwa huɗu, kuma tana son fili da natsuwa kafin ta yi. Tsuntsun da aka matse a shinge ana figarsa ba shi da wannan. Saboda haka kowane ɗan tsako da ya shigo Zango, daji ne ya yi asararsa, kuma babu abin da ke komawa. Daji ne rumbu, kowa na ɗiba, ba mai zubawa.

Waɗanda suka yi kiwon gaske

A daidai wannan lokaci, can a ƙarshen kudancin nahiyarmu, manoman Turawa na yankin Kef a Afirka ta Kudu sun ɗauki wata hanya. Tun shekarun 1860 suka fara killace jiminu a manyan filaye. A 1869 wani mai suna Arthur Douglass ya ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwan jimina. Suka riƙa shuka mata ciyawa ta musamman, suna zaɓen namijin da ya fi kyan gashi su haɗa shi da macen da ta fi, suna yanke gashi da almakashi maimakon figa. Cikin shekaru kaɗan tsuntsayensu suka kai dubbai, sannan dubban ɗaruruwa. Garin Oudtshoorn ya cika da manyan gidajen da kuɗin gashi ya gina. Zuwa 1913 gashin jimina ne na huɗu a kayan da Afirka ta Kudu ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu.

Yawan nan nasu shi ya fara karya farashin gashin da ke bi ta Tarabulus tun daga tsakiyar shekarun 1880. Su suna lodawa a jirgin ruwa, mu muna jiran raƙumi ya ƙetare Sahara.

Amma akwai abu ɗaya da suka rasa. Duk ƙoƙarinsu, dillalan Landan sun san wani irin gashi mai kauri da sheƙi da ke zuwa ta Tarabulus, wanda ake kira na Barbari, ya fi nasu. Suna kuma tsoron kada Amurkawa, da su ma suka fara kiwon jimina a Kalifoniya da Arizona, su riga su samun irin. Da aka bi diddigin ayarin da ke kawo gashin, sai sawu ya nuna yankinmu. A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo wata tawaga a asirce ƙarƙashin wani jami'in aikin gona mai suna Russell Thornton. Suka sauka a gaɓar Najeriya, suka hauro har Kano, idonsu na kan ƙasar Damagaram.

Sai dai a lokacin garin nan ya riga ya fita hannun masu shi. An kashe Kyaftin Cazemajou a nan a watan Mayu 1898, Faransawa suka dawo suka ci yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a wannan shekarar. A 1906 suka zargi sarkin da suka naɗa da shirya tawaye, suka kore shi zuwa Kodebuwa tare da wasu manya, ciki har da Malam Yaro, babban attajirin Zango. A 1911 Damagaram ce hedkwatar mulkin sojan Faransa a ƙasar Nijar, kuma Faransawa sun hana fitar da jimina mai rai daga yankin da suke riƙe da shi, don su ma sun san darajarta. Thornton da mutanensa suka yi ta jira da ciniki a ɓangaren Ingilishi, har suka tara tsuntsaye kimanin 150. Aka kai su bakin layin dogo, jirgin ƙasa ya kai su Ikko, jirgin ruwa ya kwashe su. A 1912 kusan 140 suka isa Kef da ransu.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Gwamnati guda ta kashe kuɗi, ta turo mutane tafiyar dubban kilomita, don tsuntsun da yake tsaye a bayan ɗakin kakanninmu yana cin dusa.

Ranar da kasuwa ta watse

Ba su ci ribar wahalarsu ba. A 1914 kasuwar gashin jimina ta rushe gaba ɗaya. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke, mata suka shiga aiki suka bar ado mai nauyi. Mota ta yaɗu, kuma motocin lokacin a buɗe suke, ba mai iya zama ciki da malafa mai gashi kamar rumfa. Ƙungiyoyin kare tsuntsaye a Ingila da Amurka kuma sun daɗe suna kushe ado da gashin tsuntsu. Attajiran Oudtshoorn da yawa suka wayi gari ba su da ko sisi.

Mu tamu ta riga ta fara mutuwa. A 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, ƙarshen hanya ya rikice. A 1911 ɗin dai layin dogo ya iso Kano, daga nan kayan da ke hawa arewa a kan raƙumi suka juya kudu zuwa teku. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi sun tarwatsa Abzin da raƙumanta. A 1926 aka ɗauke hedkwata aka mayar Yamai. Gyaɗa ta zama sabon kayan kasuwa. Wa zai ci gaba da ciyar da tsuntsu mai cin abincin akuya uku alhali ba mai sayen gashinsa? Shingayen jimina suka zama na tumaki, ko aka yi ɗakuna a wurin. Cikin tsara biyu sanin yadda ake rainon ɗan tsakon jimina ya fita daga unguwar nan, ya saura ƙwai ɗaya a rataye a ɗakin tsohuwa.

Bambancin shi ne, su can da kasuwar gashi ta mutu tsuntsun bai mutu ba, don irin yana hannunsu. Daga baya suka koma sayar da fata da nama, har gobe suna yi. Mu da muka dogara da daji, sai dajin ya fara ƙarewa.

Yadda daji ya yi shiru

Mutuwar kasuwa ba ta ceci jiminar daji ba. Ƙarni na 20 ya kawo bindigar zamani da mota mai shiga rairayi, kuma tsuntsun da doki ke wahala kafin ya cim masa ba ya tsere wa mota. Gonaki suka yi ta hawa arewa, rijiyoyi suka kai garkuna inda da ba sa zuwa, ana kwashe ƙwai daga gurbi don ci da sayarwa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙone ciyawar da take ci. Ta ɓace daga Damargu, ta ɓace daga Kutus. Babban garke na ƙarshe ya rage a gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. A wajen 1990 akwai jiminu fiye da dubu a wurin. Sai tawaye ya tashi, makamai da motoci suka cika dajin, ma'aikatan gandu suka janye. Kafin a sa hannu kan sulhu a Afrilu 1995 an kusa gamawa da su. A farkon shekarun 2000 aka daina ganin jimina a dajin Nijar. Sunanta yana cikin jerin farko na dokar CITES, jerin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, amma dokar ba ta hana gurbi zama babu kowa ba.

A nan kuma tarihi ya yi mini wani juyi da ya hana ni yanke wa masu riƙo hukunci kai tsaye. Da aka tashi neman irin da za a farfaɗo da shi, a ina aka samu? A hannun ɗaiɗaikun mutanen da suka ajiye ƴan jiminu a gidajensu da garakensu, a Iferwan da wasu wurare, wasu don sha'awa kawai. Da ba su ajiye ba, da irin jiminar ƙasar nan ya tafi ke nan. Daga irin waɗannan tsuntsaye ne aka kafa wurin kiwo a Kelle, cikin ƙasar Kutus a gundumar Gure, a jiharmu ta Damagaram, inda ƙungiyar Sahara Conservation ke aiki tare da wata ƙungiyar mutanen yankin da hukumar gandun daji. A can ana yin abin da ba a yi ba a Zango shekara 150 da suka wuce: fili mai faɗi, abinci a kan ƙa'ida, na'urar ƙyanƙyasa, da rubuta wane ya haifi wane don kada dangi su yi ta auren juna iri ya lalace. Aikin ba sauƙi, don har yanzu ƴan tsaki na mutuwa da yawa kafin su yi ƙwari. Burin shi ne a mayar da su daji a wuraren da ake tsaro kamar gandun Gadabeji.

Kuma abin ba mafarki ba ne. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996; da aka tsaya musu, yau sun haura 600.

Abin da ya rage namu

Na koma fada da wannan labari, abokin nan nawa mai salula ya ce, “To yanzu me kake so, mu sayi jimina mu ɗaure a ƙofar gida?” A'a. Abin da nake so ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya.

Ku zagaya kasuwar Dole ranar Alhamis, ko kowace babbar kasuwa a ƙasar nan, ku duba abin da ake kawowa daga daji: ƴaƴan kunkuru, da damo, da tsuntsaye a keji, wani lokaci har ɗan barewa. Wasunmu suna saye don sha'awa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan wata guda ya mutu a jefar, kamar ɗan bushiyata. Kowane ɗayansu an ɗauko shi ne daga rumbun nan da ba mai zubawa. Barewa da tuje suna kan hanyar da jimina ta bi. Don su aka kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012. Kafin ka miƙa kuɗi, yi tambayar da saurayin nan mai kwalba yake yi: daga ina aka samo shi, me yake ci, kuma zan iya riƙe shi har ƙarshen ransa? In ba ka da amsa, bar shi. In kuma sha'awar kiwo ce da kai da gaske, ga tantabara, ga zabi, ga zomo, waɗanda za su haihu a hannunka ka koyi aikin tun daga ƙwai.

Sai kuma mu masu karatun tarihi da na kimiyyar halittu. Tsofaffin da suka ji labarin shingen jimina daga bakin iyayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya je ya zauna da kakarsa ko kakansa ya tambaya: a gidan wa aka riƙe jimina, me ake ba ta, wa ke figarta, ina ake kai gashin? A rubuta, a kawo mu buga a fitowa ta gaba. Ni na yi sakaci, kakata ta rasu ban tambaye ta ko jimina nawa ke cikin shingen nan ba. Allah ya jiƙanta. Ƙwan yana wurina yanzu, kuma mun yi shawara da ƴan fadarmu, in hutu ya zo za mu haɗa kuɗin mota mu je Kelle, in an ba mu izini mu ga tsuntsun da idonmu.